Ta wurin cin abinci ake sanin gari, amma wane wurin?

Sabon Baƙo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aiki ya kai ni wani babban birni da ban san kowa a cikinsa ba, kuma ga dukkan alamu zan jima. Ba na son zaman daga ofis sai ɗaki. An ce mini in ina son in san gari da mutanensa, in bi wuraren da suke cin abinci. To amma wane wuri? Duk inda wayata ta nuna mini na je, sai in tarar rabin mutanen ciki baƙi ne irina, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Ku da kuka zauna a garuruwan da ba naku ba, ta ina kuka fara?

Ɗan Zamani: Wa'alaikumus salam Yaya. Abin bai kai haka wahala ba. Buɗe Google Maps, ka duba wurin da ya haura tauraro 4, sannan ka ga mutum nawa suka yi sharhi. In sun yi yawa, da wuya a ce duk ƙarya suke. Ni da haka nake yi, kuma ban cika yin da-na-sani ba.

Alhaji Matafiyi: Ɗana, ban ce dabararka ba ta da amfani ba, amma ba ita ce amsar tambayarsa ba. Shi bai ce yana neman inda zai ƙoshi ba, cewa ya yi yana son sanin gari. Ka tambayi kanka, su wa ke zama su rubuta sharhin nan? Ɗan dako da ya ci abinci a tsaye ya koma bakin aiki ba ya rubutawa. Direban bas ba ya rubutawa. Tsohuwar da ta shekara da shekaru tana saye a rumfa ɗaya ba ta ma san ana yi ba. Masu rubutawa yawanci masu wucewa ne, su rubuta wa masu wucewa 'yan uwansu.

Abin da nake yi in na sauka a baƙon gari shi ne in bi lokaci, ba suna ba. Da sassafe in nufi bakin babbar kasuwa, ko tashar mota, ko ƙofar asibiti, in ga inda ma'aikata suka yi layi. A Istanbul akwai gidajen abincin da suke kira esnaf lokantası, na 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Ana dafawa tun safe, a jera tukwane a bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka, kafin la'asar yawancin abincin ya ƙare. Babu ado, babu kiɗa. Amma a nan za ka ga tela da mai shagon gwal da yaron shago a teburi ɗaya. In ka samu irin wannan wuri, kada ka yi ta sauye-sauye. Ka riƙa komawa har mai wurin ya gane fuskarka. Da ɗan gari kan ci gari, kuma mai abinci shi ne ɗan garin da ya fi sauƙin samu.

Hajiya Mai Girki: Alhaji ya faɗi gaskiya, bari in ƙara daga ɓangarenmu na masu tsayuwa a gaban murhu. Na daɗe ina wannan sana'a. Baƙon da ya zo sau ɗaya ya ɗauki hoto ya tafi, muna murna da kuɗinsa, amma ba shi ke riƙe da mu ba. Masu riƙe da mu su ne waɗanda in kwana biyu ba ka gan su ba sai ka aika a dubo ko lafiya. Na san wanda likita ya hana gishiri, na san wanda albashinsa ke makara in rubuta masa a littafi har ƙarshen wata, na san waɗanda suka yi faɗa don kada in zaunar da su kusa. An sha samun aiki a wurina, an samu ɗakin haya, har aure an ƙulla. Ɗana Sabon Baƙo, kada ka zo lokacin da ake rububi ka ce za ka yi hira. Ka zo bayan cunkoso ya lafa, ka gaida mutane, ka tambayi sunan abin da ka ci. Mai girki ba ya ƙin a tambaye shi girkinsa.

Malamin Tarihi: Tun da an taɓo maganar taurari, yana da kyau a san inda abin ya samo asali. Kundin Michelin, jagoran otal-otal da gidajen abinci da duniya ke ji da shi, kamfanin tayar mota ne na Faransa ya fara fitar da shi a 1900, don masu mota su riƙa yin tafiye-tafiye, tayoyi su cinye a sayi sababbi. Sai a 1926 suka fara ba gidajen abinci tauraro. Wato tun fil azal an yi shi ne domin matafiyi, ba domin mazaunin unguwa ba. Ba laifi ba ne, amma kowane ma'auni da abin da aka yi shi ya auna.

Ni abin da ya fi burge ni a wuraren cin abinci shi ne suna nuna maka wa ya zo garin, kuma yaushe. Je ka titin Brick Lane a Landan, za ka ga sawun 'yan Bangladash, musamman mutanen yankin Sylhet. Hasali ma yawancin gidajen abincin da ake kira na Indiya a Birtaniya, su ne suka kafa su. A Balin, babban birnin Jamus kuwa, döner, wato gasasshen nama yankakke a cikin burodi, da kowa ke ci a tsaye ya biyo bayan ma'aikatan Turkiyya ne da suka shiga Jamus bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961. Ɗan ci-rani in ya sauka, abu na farko da yake nema shi ne ɗanɗanon gida, abu na biyu kuma sana'ar da ba ta buƙatar takardar shaidar karatu. Gidan abinci ya haɗa duka biyun. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina, in kun shiga unguwa ku karanta allunan gidajen abinci kafin ku buɗe littafi.

Ɗan Zamani: Malam, da girmamawa, amma ai su ma masu taurarin sun canza. A 2016 Michelin ta ba rumfuna biyu na masu sayar da abincin talakawa tauraro a Singafo, ɗaya mai shinkafa da kaza, ɗaya mai taliya. A ƙarshen 2017 kuma ta ba wata dattijuwa a Bankok ta ƙasar Tailan, Jay Fai, wadda ke soya ƙwai da kaguwa a kan gawayi. Ba don intanet da irin waɗannan kundaye ba, wa zai san su? Ai taimako ne.

Alhaji Matafiyi: Taimako ne ga aljihun mai rumfar, ban musa ba, kuma ina taya su murna. Amma me ya biyo baya? Layi na sa'o'i, kuma waɗanda ke layin yawancinsu daga filin jirgi suke. Ma'aikacin da hutun cin abincinsa bai wuce rabin awa ba, ya zai yi? Dole ya nemi wani wuri. Sunan yana nan, girkin yana nan, amma mutanen da suka sa wurin ya zama wuri sun watse.

Ka dubi kasuwar Boqueria a Basalona. 'Yan yawon buɗe ido sun yi yawa har matan unguwa ba sa iya kutsawa da kwandon cefane, sai da hukumar birnin a 2015 ta hana manyan ayarin baƙi shiga a wasu sa'o'i na Juma'a da Asabar. Masu rumfuna da dama sun bar sayar da kayan cefane sun koma sayar da 'ya'yan itace yankakku a kofi, don shi mai wucewa ke saye. Haka dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh a Maroko, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama tun 2001 saboda masu tatsuniya da makaɗa da masu abincin dare. Har yanzu yana cika maƙil, amma tsofaffin masu ba da labarin sai raguwa suke. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mu matafiya muna cikin masu jawo shi.

Sista Mai Jinya: Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a son ji. Duk wannan yabon abincin bakin titi, kada a manta da ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, kusan 420,000 kuma na rasa rayukansu, kuma ƙananan yara ne abin ya fi yi wa illa. Ƙanena, kai baƙo ne, cikinka bai saba da ruwan garin ba. Ka ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka. Ka lura ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke taɓa abinci. Ka leƙa ruwan wanke-wanke. Wurin da ake ciniki da sauri ya fi aminci a kan wanda abinci ke wuni a ajiye, ko da kuwa na biyun ya fi kyan gini.

Hajiya Mai Girki: Sista, jimlarki ta ƙarshe ita ce gaskiyar. Na shiga kicin ɗin manyan wurare na ga abin da ba zan iya ba ɗana ba. Ƙazanta ba ta san mai kuɗi ko talaka ba.

Ɗalibar Tsara Birane: Anti Sista, ina tare da ke, amma ina so a duba dalilin. Yawancin lokaci ba halin mai girki ba ne, rashin famfo ne da magudanar ruwa da wurin zubar da shara. Misalin da muke yawan karantawa shi ne Singafo, ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

A da titunan Singafo cike suke da masu tura kura suna sayar da abinci, ga datti, ga cututtukan da ake ɗauka ta ruwa. Gwamnati ta gwada kame da kora, abin bai yi ba. Sai a 1968 da 1969 ta yi musu rajista gaba ɗaya, daga 1971 zuwa 1986 kuma ta gina musu cibiyoyi masu rufi, da famfo da wuta da magudana, ta kwashe su daga titi ta zuba a ciki da haya mai sauƙi. Abin da ya sa shirin ya yi nasara shi ne ba a kai su bayan gari ba. An gina cibiyoyin ne a tsakiyar unguwannin gidajen gwamnati, inda kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar ke zaune, sau da yawa manne da kasuwar cefane. Yau akwai irinsu sama da 100, hukumar kula da muhalli ce ke sa ido a kansu.

Teburan ba na kowace rumfa ba ne, na kowa ne. Sai ka ga ɗan asalin Sin da Bamalaye da ɗan asalin Indiya kowa ya sayo nasa daga rumfa daban, sun zauna wuri ɗaya. Mai kuɗi da leburan gini layi ɗaya suke bi. A Disambar 2020 UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin abubuwan gado na duniya, kuma ba don wani girki guda ba, don zaman cin abincin tare. Saboda haka ni a ganina, in ka ga gari yana da wuraren ci masu rai, to wani ne ya zauna ya yanke shawarar a ba su fili da ruwa. Ba haka kawai suke tsirowa su dawwama ba.

Malamin Tarihi: 'Yata, bayaninki ya yi kyau, amma ina tsoron yadda shugabannin birane ke jin labarin nan. Rabin farko kawai suke ɗauka, wato "a kwashe su daga titi", su manta da rabin na biyu. A 2017 hukumomin Bankok sun tashi share masu abinci daga gefen tituna da sunan tsafta da buɗe wa masu tafiya a ƙasa hanya. Da aka yi ca a kansu, sai aka ce ai za a bar wuraren da baƙi ke so, irin su Yaowarat da Khao San. Kin ga abin? An bar na ɗan yawon buɗe ido, an tashi na ma'aikacin da ba shi da kicin a ɗakinsa. Haka Faransa ta kwashe tsohuwar kasuwar Les Halles daga tsakiyar Paris zuwa Rungis da ke bayan gari a 1969. Ta fuskar zirga-zirgar manyan motoci an yi daidai, amma ƙananan gidajen abincin da ke ciyar da mahauta da 'yan dako cikin dare sun rasa mutanensu.

Ɗalibar Tsara Birane: Haka ne Malam, ban ce kowace kwashewa alheri ba ce. Shi ya sa dokar Indiya ta 2014 kan masu sayarwa a titi take burge ni a rubuce. Ta ce kowane gari ya kafa kwamiti, kashi 40 cikin 100 na mambobinsa su kasance masu sana'ar da kansu, kuma kada a tashi kowa sai an yi ƙidaya an ba da takardar shaida. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya a wurare da yawa, amma aƙalla an yarda cewa mai rumfa yana da bakin magana.

Maman 'Yan Biyu: Tun ɗazu ina karantawa, sai na ga kamar an manta da mu. Duk wuraren da kuke lissafawa, a birane da dama maza ne suka cika su. Mace in ta zauna ita kaɗai a irin wurin, ido ya yi ta binta har abincin ya fita ranta. To wanda ya ce zai san gari ta nan kaɗai, rabin garin ya gani. Abincin gari na ainihi a cikin gidaje yake, kuma mafi yawansa ba a taɓa sayar da shi ba. Ku dubi Mumbai. Tun wajen 1890 akwai masu dakon kwanon abinci da ake kira dabbawala, kafin korona sun kai kusan 5,000, suna kai kwano kusan 200,000 a rana daga gidaje zuwa ofisoshi, a kan keke da jirgin ƙasa. Birni mai cike da gidajen abinci, amma ga dubban mutane sun zaɓi girkin gida. Ƙanena, ka kyautata wa maƙwabtanka. Ranar da aka aiko maka da kwano daga gidan da ke kusa, ko aka ce ka shigo ka ci, ranar ka fara shiga garin. Kuma kada ka mayar da kwanon haka nan.

Alhaji Matafiyi: Maman 'Yan Biyu, wannan magana taki ta fi tawa nauyi. Na karɓa.

Sabon Baƙo: Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa. Wata damuwar kuma ita ce halal. Inda nake Musulmi ba su da yawa, shi ya sa nake ɗari-ɗari da ƙananan wurare.

Alhaji Matafiyi: Ka fara da masallacin Juma'a. Bayan an idar, ka tsaya ka ga inda jama'a suka nufa, kusan kullum akwai masu abinci a kewayen. Sannan ka koyi kalmomi kaɗan na harshen garin: naman alade, man alade, giya. Kada ka ji kunyar tambaya, kuma ka tambaya da sakin fuska. Sau da yawa wannan tambayar ce ke buɗe hira, don mutane na son sanin dalili.

Ɗalibar Tsara Birane: A cibiyoyin Singafo da na ambata, har wurin mayar da tire an raba, na halal daban, wanda ba halal ba daban. Ƙaramin abu ne, amma shi ke sa kowa ya zauna hankali kwance.

Baba Dattijo: Yara, ku ƙara da wannan. In kuna son sanin zuciyar gari, ku tambaya a ina wanda ba shi da ko sisi yake ci. A Turkiyya mutum kan sayi burodi biyu ya bar ɗaya a rataye a gidan burodin, mabuƙaci ya zo ya ɗauka ba tare da ya san wa ya biya ba. A birnin Napoli na Italiya haka suke yi da kofin gahawa. A Alƙahira da azumi ana jera tebura a titi, suna kiransu mawa'idur Rahman, duk wanda magariba ta riska ya zauna. Mabiya addinin Sikh a Amritsar ta Indiya suna ciyar da dubban mutane kullum kyauta, kowa a ƙasa yake zama, babu babba babu yaro. Irin waɗannan wurare ba sa cikin waya. Kuma ba kallo ake zuwa yi ba. In ka je, ka sa hannu a wanke-wanke ko rabon abinci, a nan za ka haɗu da mutanen kirkin garin.

Ɗan Zamani: Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ni dai har yanzu ina ganin ana ɗora wa waya laifin da ba nata ba. Manhajojin kawo abinci gida sun ceci gidajen abinci da yawa lokacin kullen korona. Kuma akwai marasa lafiya da tsofaffi da ba sa iya fita.

Hajiya Mai Girki: Sun cece mu a lokacin, wannan gaskiya ne, kuma don marasa lafiya ba ni da ta cewa. Amma ɗana, ka san kamashon da suke cira? Yakan kama daga kashi 15 har zuwa 30 cikin 100 na kuɗin abincin, alhali ribar mai abinci ba ta kai nan ba. Har sai da birnin New York ya sa musu iyaka a 2020. Ba ma kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Mutumin da na saba gani kullum, yanzu lamba ce ke fitowa a allo, yaro mai babur ya ɗauka ya tafi. Ban san ko ya rame ba, ban san ko matarsa ta haihu ba. Teburin da a da mutum huɗu ke gardamar ƙwallo a kai, yanzu jakunkunan 'yan aike ake jerawa.

Ɗalibar Tsara Birane: Hajiya, akwai tambayar da nake so in yi miki tun ɗazu. A Singafo ɗin ma, duk da karramawar UNESCO, babbar damuwarsu ita ce yawancin masu rumfunan sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun yi karatu ba sa son gadon tsayuwa a gaban wuta tun asuba. Har shirye-shiryen koyar da matasa gwamnati ta ɓullo da su. Ke a naki ganin, me zai sa matashi ya karɓi wannan sana'a?

Hajiya Mai Girki: 'Yata, kin taɓo inda yake mini ciwo. Ni kaina ban matsa wa 'ya'yana ba, don na san abin da ƙafafuna da bayana suka sha. Amma akwai wata yarinya da ta taso a hannuna, hannunta ya fi nawa daɗi, kuma tana so. Abin da ke tsorata ta ba wutar ba ce. Haya ce. Ka shekara goma kana tara jama'a, unguwa ta yi suna saboda ku, sai mai gida ya ga wurin ya yi daraja ya ninka kuɗi, ko ya ce ka tashi zai ba mai shagon waya. In za a ba ta wurin da ta san ba za a tashe ta ba shekara mai zuwa, da ruwa a famfo, da rana ɗaya a mako da za ta rufe ta huta ba tare da bashi ya hau ta ba, gobe ma sai in miƙa mata ludayin.